Har Masu Tseren Mota Sun Tafi Hutu

Daren Laraba, Disamba, Mu'aither

Kafil, Balaraben da nake yi wa direba, ya soke hutuna. Wai yaransa sun samu hutun sanyi, wa zai riƙa kai su tanti a sahara? Na ce tun bara matata ke jirana a Gusau. Ya ce, "Khalas, bayan sanyi."

Na so in huce da kallon tseren motocin Amurka, su ma suna hutu sai Fabrairu. Dama sun ɓata abin, ana tsakiyar gudu a tsayar da su. Na kunna wani tsohon tsere. Alhassan abokin ɗakina ya ce, "Malam Sani, me kake gani a motocin da ke zagaya wuri ɗaya?"

Ni ma shekara uku ina zagaya gida, makaranta, kasuwa. Su ko ba komai akwai mai ɗaga musu tutar gamawa.