Haƙoran da Aka Auna a Bakin Wata

Malam mai ba da shawara,

Don Allah ka taimake ni, uwata na ƙarewa a gabana kuma ta ɗaure mini baki.

Mu mutanen Taloka ne, ƙasar Goronyo. Inno ta daɗe ba haƙori ko guda, wanzami ya cire na ƙarshe tun ina yaro. Da fura da kunu da tuwo mai laushi take zaune lafiya, har ƙiba gare ta. Yayana Yusha'u, ɗanta na fari, fataucin goro yake yi. A Kumasi ya ga wani mai yin haƙoran sawa, sama da ƙasa. Mutumin ya ce sai an kawo mai bakin ya auna. Ka san mu, in za a sayo ma mutum takalmi, kara ake karyawa daidai ƙafarsa a tafi da shi. To Yaya sai ya kai masa wata tsohuwa da ke masaukinsa, don ita ma ba ta da haƙori kuma wai tsayinsu ɗaya da Inno, anka danna mata wani abu mai danƙo a baki, anka yi haƙoran a kansa.

Ranar da ya kawo su mata sunka cika gidanmu, har daga Kagara an zo kallo. Inno ta sa su, ta yi murmushi, ban taɓa ganin Yaya cikin murna irin wannan ba. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ya sayo mata tsire, ya zauna bakin ƙofa yana jiran ta ci. Tana ci, hawaye na zuba, shi ko yana zaton na daɗi ne.

Tun kaka ke nan. Yanzu dasashinta duk gyambo, baki na wari, ga wani ƙulli ya fito ƙarƙashin haɓa. Koko ma da ƙyar yake wucewa. Ta rame, zane sau biyu yake zagaye ta. Ba ta cire su ko da barci, wai kada a ce ta raina kyautar. Ga kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta dube shi ta ce abinka na cuta ta. Da na ga jini a tabarmarta sai ta sa ni na rantse ba zan gaya masa ba. Wani lokaci haushinsa nake ji, wani lokaci tausayi. Mi zan yi?

Ƙanen Mai Goro, Taloka

Ƙanen Mai Goro,

Yayanka bai yi don mugunta ba, Inno kuma kunyarta ta 'yan asali ce. Amma baki ba ƙafa ba ne. Mai sana'ar na gaskiya bakin mai shi yake aunawa, ya gwada, ya goge inda ke gurza, ya sake gwadawa. Wanda ya yarda ya auna bakin wata, shi ne mai laifin.

A cire haƙoran nan yau, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, a koma wa kunu. Ba zan ɓoye maka ba, gyambon da ya daɗe haka ga ƙulli a haɓa yana iya zama abin da ya wuce haƙori. A kai ta asibitin Sakkwato cikin makon nan, kada a jira rani.

Batun rantsuwa, je wurin limaminku ya faɗa maka kaffararta. Tun da Inno ba za ta iya magana da ɗan fari ba, nemi wata babba a danginta ta kira Yusha'u ta nuna masa tabarmar. Shi da kansa zai karɓi haƙoran, shi zai ɗora ta a mota, ka ga an rufa wa kowa asiri.

Zai ji ciwo, babu shakka. Amma in ka yi shiru, masu wankan gawa ne za su cire mata su, su miƙo masa a ƙwarya, ran nan kuwa zai tambaye ka tun yaushe ka sani.

Allah ya ba Inno lafiya, ya bar ku tare.