Faifan Mista Roscoe

Lahadi, 16 ga Yuni, 2024

Babbar Sallah. Gida ya cika, har su ƙanena Ma'aruf daga Sedgefield. Da ma na kama bakina.

Matata Fourera tana neman faifai ta rufe kwanon masa, na kaba ya ɓata. Sai na hango baƙin faifan kiɗan nan a kan firij, wanda maƙwabcinmu Mista Roscoe ya ba ni bara da na sa wa motarsa gilas kyauta. Nasa ne, shi ya buga fiyano a ciki yana saurayi. Buluz da bugi, in ji shi. Ban taɓa ji ba. Kiɗan mashaya, in yi me da shi? Na zare shi daga kwalinsa na kifa a kan kwanon, na ce, "Ga faifai, Hajiya, ɗan Amurka." Aka yi ta dariya. Kuma na ji daɗi, wallahi.

Sai ga tsohon a ƙofa da tumatir ɗin lambunsa. Ya tsaya yana kallon tururi na fita ta hudar tsakiya. Ya ce, "To, Alhaji, ko ba komai ya samu aiki." Ya ajiye tumatir ya juya. Ko nama bai karɓa ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Faifan ya lanƙwashe kamar bakin malfa.

Laraba, 19 ga Yuni

Angelina, 'yarsa, ta tare ni a bakin shinge. Ta ce ambaliya ta cinye sauran faya-fayan tun tuni, wannan kaɗai ya rage a duniya. Tana son aro ta ɗauka a waya, don tsohon ya fara manta waƙoƙinsa. Ashe bai gaya mata ba.

Na ce ina kan saurare, ta ɗan ba ni lokaci. Ni, Alhaji Ɗalha, da furfurata.

Fourera ta ji. Ta ce, "Da kunne kake sauraren, ko da masa?"

Asabar, 22 ga Yuni

Gilas dai sana'ata ce, babu wanda ya koya min. Na yanko biyu masu kauri a shago, na danne faifan a tsakani, na sa a rana, in ya yi ɗumi in mayar inuwa. Ma'aruf ya leƙo ya ce, "Yaya, gurasa ake gasawa?" Ban kula shi ba.

Talata, 25 ga Yuni

Ya miƙe, ba duka ba. Na samo injin juya shi a shagon gwanjo, na rufe ofis na ɗora shi.

Ban san yadda zan rubuta ba. Hannun Mista Roscoe na hagu yana tafiya kamar gingimari a hanyar Gusau, ba ya tsayawa, ba ya gaggawa. Na dama kuma yana tsokanarsa. Da ya rage gudu ya sa murya, sai na tuna mai garayar da ke zama a tasharmu ina yaron mota. Turancin ya fi ƙarfina, amma na gane mutum ne da ya bar gida.

Waƙa ta farko ta mutu. Allura tana tsalle, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Aikina ne.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na kai bakin ƙofarsa na dawo.

Lahadi, 30 ga Yuni

Na kai. Na faɗa wa Angelina komai a tsaye, idona a kan takalmina. Ta karɓi faifan ta ɗora shi. Da allurar ta fara tsalle, tsohon ya ɗaga gira ya ce, "Nan ne masa ta ci?" Ya ja jiki zuwa fiyano, ya ɗora daga inda ta tsaya. Ya ɓace a tsakiya, ya lalubo, ya kai ƙarshe. Ita tana ɗauka a waya tana share hanci.

Da zan fita ya ce har yanzu yana bin mu naman Sallah.

Juma'a, 5 ga Yuli

An kai masa nama, da faifan kaba sabo a kai.

Ma'aruf ya ce ya ji ni ina rera wani abu ina yankan gilas. Gyaran murya nake.