Yaya, Idan Hotona Ya Iso Wayarki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya maigida da yara? Ni lafiya lau, aikin wankin motoci na tafiya, sai dai hannu ya ɗan tsattsage.

Akwai magana, kada ki yi dariya. Wata kyakkyawa ta yi min sallama a waya, kwana uku muna hira, har na fara gyara gashin baki. Ta roƙi hotona ba riga, ba... kin dai gane. Kaɗaici ya sa na tura. Ashe ƙato ne! Wai in tura kuɗi, ko dangi kaf su gani.

Na gaya wa dattijon ɗakinmu, ya ce, "Wanda ya biya yau, gobe ma shi zai biya. Ajiye saƙonnin, ka kai ƙara, ka toshe shi." Haka na yi, ko sisi bai samu ba.

Idan hoton ya iso, ki goge kafin Inna ta gani. Ba kunyar ce ta fi damuna ba. Za ta ƙirga haƙarƙarina, alhali na ce mata na yi ƙiba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki, autan Inna.