Abin da Ke Lamba Uku

Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwar da ta san ta yi laifin dogon shiru. Yaya ƙafar da kika ce tana kumbura? Ina fatan maigidanki da yara duk suna lafiya. Ni lafiya lau, aiki ma da godiya. Kullum ina ɗakin gwaji ina leƙa ruwan rijiyoyin mutane, ina gano musu abin da gara a ce ba su sani ba.

Kin tambayi ɗakin da na kama haya. A bene yake, can ƙarshen baranda, taga ɗaya, da wani dogon kabad da na tarar a ciki. Mai gidan tsohuwa ce, mijinta ya rasu, kowa Mama yake ce mata, kuma a ƙasa take zaune. Tana da kirki irin mai gajiyar da mutum. Ranar da na tashi da mura, kafin in faɗa wa kowa sai ga ta ta hawo da man shafawa, tana haki. Jikin ɗakina akwai wani tela, gaba da shi kuma wata nas da muka fara shiri da ita.

Damuwata ɗaya ce, kuma na san za ki yi dariya: talabijin. Kowane ɗaki a gidan nan yana da kafar da wayar eriya ke shigowa, ban da nawa. Na roƙi Mama a huda bango, ta ce a'a, ɗakin nan ba a kafa masa ƙusa, ba a shigar masa da tsani, rufin ya tsufa. Sai na sayo 'yar eriyar ɗaki mai ƙaho biyu. Na ɗora ta kan akwati, na rataya ta a taga, na ɗaure ta a ƙofa, hoto dai dishi-dishi, mai karanta labarai ya rabu gida biyu yana rawa. Inda kawai take kamawa shi ne in na tsaya bakin taga na ɗaga ta sama da hannun dama. Digiri biyu, Yaya, ga ni na zama sandar eriya.

Yanzu dai an samu dabara. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titi, Injiniya ake ce masa, tabaraunsa ɗaure da zare. Ya ce akwai wasu 'yan akwatuna biyu, ɗaya mai turawa, ɗaya mai karɓa, babu waya a tsakaninsu. Za a haɗa mai turawar da dish ɗin Nas, a ajiye mai karɓar a ɗakina. Sharaɗin kawai, abin da take kallo shi zan kalla, kuma ita wasannin kwaikwayo masu sa kuka take so. Na yarda. Ranar Asabar zai zo.

Ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

Talata

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan. Ki karanta wannan ke kaɗai, kuma kada ki faɗa wa Baba, kin san hawan jininsa. A ofis nake rubuta ta, don ba na iya rubutu a ɗakina.

Injiniya ya zo Asabar da hantsi, ya haɗa komai, hoto ya fito tar. Akwatin karɓar yana da ɗan maɓalli mai lamba ɗaya zuwa huɗu. Ya sa shi a ɗaya, ya ce in bar shi nan. Kin san halina da abin da aka ce in bari. Bayan la'asar na zauna bakin gado na matsa zuwa biyu, babu komai. Na matsa zuwa uku.

Ɗaki ne ya fito, ba kala, an ɗauko shi daga sama. Wata mata zaune bakin gado ta ba da baya, kanta babu ɗankwali, kitsonta ya tsufa. Har na ce a raina wannan ya kamata ta je kitso. Na kai hannu ƙeyata, ita ma ta kai.

Ban yi ihu ba. Ina tsammanin zan yi alfahari da hakan wata rana. Abin da ya daskarar da ni shi ne na ga talabijin ɗina a cikin hoton, kuma a cikinsa ga ɗakin ya sake fitowa ƙarami. Wato in mai kallona yana gaban nasa akwatin a daidai lokacin, ya ga na gani. Na mayar da maɓallin lamba ɗaya, na zauna na kalli wasan kukan Nas har ya ƙare, bayana yana ƙaiƙayi kamar ana tsira mini allura. Ban ɗaga kai ba. Amma daga yadda hoton ya karkata na san wurin: ramin shan iska da ke saman kabad, mai 'yar raga.

Jiya na je shagon Injiniya na faɗa masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce tsohuwar kyamara ce marar waya, irin tasu ɗaya da akwatunan da ya kawo, shi ya sa nawa ya tsince ta. Ya ce ba ta ɗaukar murya, kuma da wutar gidan take aiki. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni cin abinci: ƙarfinta bai wuce bango uku ko huɗu ba. Wanda ke kallona ba a wata duniya yake ba, Yaya. Muna gaisawa da shi.

Wata biyu nake a ɗakin nan. Kin san yadda nake in na dawo aiki cikin zafi na kulle ƙofa. Ina ta ƙoƙarin tuna kowace rana, abin da na sa da abin da ban sa ba. Yanzu a banɗaki nake sauya kaya, da hijabi nake kwanciya. Ni ce mutum ta farko a garin nan da ke murna in an ɗauke wuta.

Injiniya ya ce in bari ya zo ya tsinke ta yau. Na hana shi. In aka tsinke, mai abin zai san na sani, ni kuwa ban san shi ba, kuma ban san makullin ɗakin nan nawa ne a hannun mutane ba. Tela bango ɗaya ne tsakaninmu, kekensa kan yi shiru daidai lokacin da na dawo, ko kuwa ni ce yanzu nake jin haka. Ɗakin mai gadi yana ƙarƙashin tagata. Kowa ya ce mini sannu da dawowa sai in ji kamar ya taɓa ni.

Na faɗa wa Nas. Ta ce in tattara in dawo ɗakinta, ta kira ni mai taurin kai, ta ce boko ya cinye mini tsoro. Bai cinye ba. Amma in na gudu ban san fuskarsa ba, duk namijin da na haɗu da shi a titin nan shi ne. Akwai gwajin da nake son yi. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Litinin

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ina lafiya, ba wanda ya taɓa ni, na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ga gwajin. Jiya Lahadi da hantsi, kowa yana gida, ga wuta. Nas ta bar ƙofarta a buɗe tana jiran motsi. Na kulle tawa, na tsaya tsakiyar ɗaki inda kyamarar ke gani sosai, na dafe ƙirji, na sulale ƙasa na kwanta kamar na suma. Tunanina shi ne wanda ya zo buga ƙofa, shi ne. Sai da kumatuna ya taɓa siminti na tuna akwai wata amsar: ya zauna yana kallona a kwance, ya ƙi zuwa. Ko ya zo ba don taimako ba.

Na ƙirga numfashina har ɗari da arba'in. Sai na ji taku a matakala, a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Ba a buga ƙofa ba. Makulli ne ya shiga ya juya.

Mama ce, da kofin ruwa, rabinsa ya zube mata a zane, tana kiran 'yata, 'yata. Na buɗe ido na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Lokacin Nas ta iso ta tsaya a bakin ƙofa.

Ko kunya Mama ba ta ji ba, Yaya. Haushi ma ta ji, wai na tayar mata da hankali a banza, ita da gwiwoyinta. Ta ce a ɗakin nan mijinta ya yi jinyar shanyewar jiki shekara uku, ɗansu ne ya sa abin don ta riƙa ganinsa daga ƙasa. Da ya rasu ta kasa kashewa. Ta ce mene ne a ciki, ai uwa ce, kula take yi da ni, ta san ba na karin kumallo, ta san ina kuka ranar da wasiƙarki ta zo. Tana faɗa tana gyara mini wuyan hijabi.

Ki yarda, sanyi na ji. Tsohuwa ce, mace ce, mai kewar miji. Har na fara tsara yadda zan ba ki labarin ki yi dariya. Nas ce ta ce mu sauka mu ga akwatin da idonmu. Mama ta yi ta cewa falon ba a share yake ba, amma muka bi ta.

Falon ciki ne, 'yan haya ba sa shiga. Ga talabijin a kunne, ga ɗakina, ga takalmina ɗaya inda ya fice da na faɗi. Kujeru uku ne a gabansa, an jawo su kusa. Na tambaye ta su wa ke zama. Ta rantse ita kaɗai ce, sauran na baƙi ne. A hannun kujerar tsakiya akwai murfin kwalba, a cikinsa guntun taba, hayaƙi yana tashi siriri. Ƙofar baya tana buɗe.

Nas ta tambaye ta ko ta fara shan taba ne da tsufa. Mama ta ɗauke murfin ta rufe shi a tafin hannunta, da wutar da komai. Mun yi tambayar duniya, ta ce ita ba ta ga kowa ba.

Injiniya ya zo da tsaninsa ya ciro abin, bai fi akwatin ashana ba. Yana cikin jakata, kuma gobe ni da Nas za mu kai shi ofishin 'yan sanda, ko da ba abin da zai fito. Kayana suna ɗakinta, a can na kwana. Ki roƙar mini maigidanki ya zo da mota ranar Alhamis, da rana, kuma ya hawo har sama ya same ni. Kada ya tsaya gaisawa da kowa a ƙofar gida, kada ya faɗi inda zai kai ni.

Da safen nan da zan fito, tela ya gaishe ni, mai gadi ya gaishe ni, wani ma da ban taɓa lura da shi ba yana wanke mota a tsakar gida ya ce a dawo lafiya. Kowa da ladabinsa. Na amsa musu duka, ina duban leɓunansu ko zan ga baƙin taba.

Ki gaida yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta