Dunƙulen Sukarin da Aka Kai wa Ikram

Zuwa ga ɗana Driss, a Montreal.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hayat da yara. Mu nan Tilburg sai godiya, gwiwar babanku ce kawai ta tashi da sanyin nan.

Driss, ka ɓata mini rai. Kai ne ka kira kawunku Mimoun ka ce a ɗauki dunƙulen sukari irin na neman sulhu a al'adarmu a je a ba Ikram matar ƙaninka haƙuri, sai ka ce a garinmu Nador muke. Gidan da aka ajiye ta na matan da suka gudo wa duka ne, ba a faɗa wa kowa inda yake. Dattawa uku da furfurarsu suka bi yarinya a baya daga wurin likita, suka tsaya a ƙofa da sukari cikin leda. Ta leƙo ta gan su. Yanzu an mayar da ita wani gari, 'yan sanda kuma sun rubuta cewa dangin miji na bin sawunta. Kawun naku har yana ce mini ai zumunci suka je yi. Na ce masa ya ji kunya.

Shekara biyu ƙaninka Jawad yana gaya wa matar nan tasa cewa zamanta a ƙasar nan a hannunsa yake, in ta buɗe baki a jirgi za a sa ta a mayar da ita gida. Ƙarya ce. Lauyarta ta bayyana mini cewa macen da aure ya kawo, in ta nuna ana dukanta, tana iya neman takardar zama ta kanta. Shaida ce ta yi ƙaranci, domin duk zuwanta asibiti cewa take daga keke ta faɗo. Sau biyu ni na raka ta, ina zaune aka rubuta haka, ban ce komai ba.

Ka ce a waya uwa ba ta tona ɗanta. Uwar Ikram ma uwa ce, kuma hannu da hannu ta damƙa mini ita amana. Ranar Alhamis zan je wurin lauyar in faɗi abin da idona ya gani, babanku ne zai kai ni. Kada ka sake aika kowa. In kana son taimakon ƙaninka, kira shi ka ce ya ji tsoron Allah.

Ka gaida Anwar da Safae. Ka gaida Hayat, ka kuma ba ta takardar nan ta karanta da kanta.

Mahaifiyarka,
Tamimount