Tandar Inna a Lungu

Landan, 1978

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya Baba da su Tabawa? Lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ya ɗan farfasa mini yatsu.

Albishirinki, na ci jarrabawa, na zama Dakta! Na nuna wa malamaina cewa a cibiyar ƙwayar halitta, ƙwayoyin gadon da aka ture jikin bango shiru suke yi, 'yan'uwansu na tsakiya kuwa suna ta aiki.

Tabawa ta ce kina kukan hannunki ya lalace, waina tana kwantai. Inna, hannunki na nan, lungun da kika koma ne matsalar, kamar ƙwayoyin nan na jikin bango. Don Allah ki fito da tandarki bakin titin Anguwan Rogo. Dakta ne ya faɗa!

Ɗanki,
Lukuman