Sunan da Aka Kira Ni da Shi a Shagon Hajiya Ɗelu

Wangsa Maju, Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa Iya sauƙin ƙafarta. Mu nan sai godiya. Baban Adnan ya kusa kammala digirinsa na uku, yara kuma sun zama 'yan gari, ka yi musu Hausa su amsa da Malayanci.

Saƙonka ya iso, na kuma ji ɓacin ranka. Ka ce an gaya maka ƙanwarka ta zama salesgirl a ƙasar mutane, ka ce in bari tun kafin maganar ta kai kunnen Iya. Yaya, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ka saurare ni tukuna.

Hajiya Ɗelu 'yar Fagge ce, tana da shago a ƙasan beninmu, tana sayar da atamfa da turaren wuta da kayan miya. Wata rana na shiga sayen daddawa, na tarar da matan Malay biyu suna juya kwalbar humra, ita da su an rasa mai fahimtar wani. Na sa baki da ɗan Malayancin da na tsinta a kasuwa, suka saya suna dariya. A ranar ta roƙe ni in riƙa zama da ita idan yara sun tafi makaranta. Baban Adnan ya amince, don ya ga yadda zaman ɗaki ya fara cin raina.

Kalmar da ta dame ka kuwa, ma'anarta yarinyar da ke sayar da kaya a shago, ba mai yawon talla ba. Ni ma ba na son ta, amma dalilina daban. Namiji ko gemu bai fito masa ba salesman ake ce masa, wato cikakken mutum, mace kuwa ko ta yi jika sai a ce mata yarinya. Shi ya sa wasu ke cewa saleswoman, wasu kuma salesperson, wadda ba ta ware mace da namiji.

Sau ɗaya aka taɓa kira na da ita. Ana jajibirin Sallah shago ya cika, wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya ƙyasta mini yatsa ya ce salesgirl ta zo ta duba shi. Hajiya ta ajiye almakashi, ta tambaye shi ko haka yake kiran yayarsa a gida, ta ce matar nan ta haifi uku. Yaron ya rasa inda zai sa kansa. Na ce ta bar shi, a makaranta ya koya, ba da mugunta ya faɗa ba. Yanzu Anti Rakiya yake ce mini, har abokansa yake kawowa. Matan Malay kuwa Kak suke cewa, wato yaya. Ina jin daɗin aikin, Yaya. Na san mutane, na daina kukan kewar gida.

Batun Iya kuma, kwantar da hankalinka, ita na fara gaya wa, ta kuma sa albarka. Yajin nan da take dakawa, wanda kai da kanka ka kai wa maƙwabcinmu Hassan filin jirgi ya taho mana da shi, a shagon ya ƙare cikin mako guda. Ashe kai ma ka yi mana aiki ba ka sani ba! Albarkarka kawai ta rage, ita nake jira.

Ka gaida Iya da Anti Fatiha, da Muntasir da su Ummi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Rakiya Sha'aibu.